Mutumin Tawa da Ya Kasa Cewa "Tawa Ce"

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin bankwana ba. Kowane ɗan Adar ya san shi: kar, babbar motar fasinja, ta cika a tashar Tawa, mata suna share ido da bakin zane, wani ya ɗora maka ƙullin kilishi ya ce ka kai wa ƙanensa, alhali ƙanen nan yana wata ƙasa dabam da wadda za ka. Tafiya a wurinmu ba labari ba ce. Sa'o'ina duk sun fita, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Kamaru, masu shayi da masu tallar takalma. Ni kaɗai ne na jira sai da furfura ta leƙo mini a gemu, sannan na ajiye allin lise, wato sakandare, inda na shekara da shekaru ina koyar da ilimin halittu, na haye teku don in yi kiwon tsutsa.

Sunana Isufu, amma ɗalibaina Mushe Ƙari suke ce mini, wato Malam Ƙari da Faransancin 'yan makaranta, wai ba na ba da labari sai na ƙara masa gishiri. Ƙazafi ne. Ban taɓa ƙara wa labari gishiri da cokali ba, da buhu nake zubawa. Ku riƙe wannan suna, don shi ya kusa kashe ni.

Zangon farko filin jirgi. Ɗan sandan iyaka ya dubi hoton fasfo, ya dube ni, ya sake duban hoton, kamar yana zargin ɗayanmu ya saci fuskar ɗaya.

"Me ka zo yi?"

"Karatu, ranka ya daɗe."

"Da wannan gemun? Karatun me?"

"Tsutsa."

Sai ya kira abokinsa. Suka zazzage jakata har ƙasa, suka sa safar hannu suka ɗauki kilishin nan da yatsa biyu suka jefa a kwandon shara. Ita ce jana'izar farko da na halarta a Turai, kuma ba a bar ni na yi wa mamacin addu'a ba. Ƙanen mutumin nan, in kana karanta wannan, ka ji inda saƙonka ya kwana.

Zango na biyu neman ɗaki. A tarho kowane ɗaki yana nan yana jirana, da na iso da fuskata sai a ce yanzun nan aka ba wani. Daga ƙarshe na samu wani kurtun ɗaki a ƙarƙashin rufin bene, wanda in zan yi atishawa sai na buɗe taga don ta samu wurin fita. Sanyin garin kuwa, in ka yi wa mutum ina kwana, gaisuwar daskarewa take yi a iska ba ta narkewa sai bazara. Da haka na riƙa lallashin kaina a kan dalilin da ya sa ba wanda ya taɓa amsa mini.

Zango na uku, inda na daɗe, shi ne labo, ɗakin binciken kimiyya. Mai shi wata farfesa ce, Madam Klodin, siririya, mai tafiya kamar ana bin ta. Na biyunta Tiyeri, saurayin da na girma nesa ba kusa ba, amma shi dokta ne ni ɗalibi, kuma a hannunsa makullin babban mikroskop mai ɗaukar hoto yake. Sai Lan, wata ɗaliba 'yar Biyetnam, wadda teburinta ke jikin nawa.

Tsutsar nan ba irin ta ciki ba ce, ba kuma ta gero ba. 'Yar ƙasa ce, tsawonta bai kai guntun gashin ido ba, jikinta garau kamar gilashi, kana ganin abin da ta ci da ƙwan da za ta yi. Ana kiwonta a 'yan faranta masu murfi, a kan wani abu mai kama da daskararren kunu, ana ɗaukarta da bakin siririyar waya. Ƙwayoyin jijiya ɗari uku da biyu gare ta, wannan ba ƙarina ba ne, an ƙidaya su, kowace da sunanta. Da su take jin wari, da su take ɗanɗana gishiri, da su take ja da baya in an taɓa mata hanci. Na san manyan mutane a Tawa da ba su kai ta amfani da nasu ba.

Abin da labon Madam ke bi wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne da ake kira mikro-ARN. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai saƙonni da ke fita daga gadon halitta zuwa inda ake ƙira, wannan ya ce a ƙera kaza, wancan ya ce a ƙera kaza. Shi mikro-ARN ba ya ƙera komai. Aikinsa ɗaya ne: ya je ya zauna a kan wani saƙo ya ce masa, yi shiru. Da Madam ta gama mini bayani na ce ai na san shi, innata ce. Ba wanda ya yi dariya. Ta ci gaba da cewa ƙwayar jijiya ba abin da take faɗa kaɗai ke mai da ita abin da take ba, har da abin da aka hana ta faɗa.

Wahalar ita ce dangi-dangi suke zuwa. Dangin da aka ba ni 'yan uwa huɗu ne masu kama da juna, suna aiki a jijiyoyin kan tsutsar. In ka cire ɗaya, tsutsa ba ta ma san an yi ba, sauran sun rufe gurbin, kamar yadda ƙannena ke nome mini gona a ƙauyenmu Bambeye ni ina can ina rawar ɗari. Sai ka kwashe gidan duka kafin ka ga abin da suke yi. Kowane ɗan uwa akwai tsutsar da aka riga aka cire mata shi. Aikina in yi ta barbara tsakaninsu, 'ya da jika da tattaɓa-kunne, har in samu guda wadda ba ta da ko ɗaya. Wasu sun gwada kafin ni sun gudu, domin biyu daga cikin 'yan uwan maƙwabtan juna ne a gadon, haɗa rashinsu a tsutsa ɗaya sai an tsince dubbai. Shi ya sa aka ajiye wa baƙo aikin.

Madam ta faɗa mini tun ranar farko, ba ta ko ce in zauna ba. In tsutsar ta samu, ita ce tez ɗina, wato kundin digirina, in koma gida dokta. In ba ta samu ba har bursu, kuɗin tallafin karatuna, ta ƙare, in koma yadda na zo, sai ƙarin furfura.

Darasin farko da labon ya koya mini ba na tsutsa ba ne, na firigo ne, wato firji. A firigon ɗakin cin abinci komai da sunan mai shi, har rabin lemo. Na ɗauka wasa ne, na sha nonon wani, aka yi taro a kaina kamar na kashe rai. Washegari na ajiye shinkafata da wake na ce duk mai jin yunwa bismilla. Kafin azahar an zubar da ita, wai ba ta da suna. A ƙasar nan abin da aka rubuta wa suna, ko ɗan cokali ne, ya haramta. Wanda ba a rubuta wa ba kuwa ba na kowa ba ne. Na ji darasin, na yi dariya, ban riƙe ba.

Da na ga ba su gaisuwa sai na ce bari in saye su da labari. Lokacin shan kafe na gaya musu a Tawa in rana ta yi zafi kaji dafaffen ƙwai suke yi. Na ce albasar Adar guda ɗaya sai an kira maƙwabta a mirgina ta. Na ce rijiyar garinmu in ka jefa guga ranar Jumma'a, sai Jumma'a mai zuwa ka ji ya taɓa ruwa. A gida da tuni wani ya ce ƙarya kake, wani ya ce ai tasu ta fi zurfi, a yi ta yi har shayi ya ƙare. Nan kuwa Tiyeri ya ciro tarho ya lissafa mini saurin faɗuwar guga, ya ce ba zai yiwu ba. Daga ranar ya sa mini suna giriyo, wato maroƙi. In na shigo sai ya ce, "Ga maroƙinmu. Yau kaji me suka haifa?" Yana leƙa farantaina kuma yana cewa, "Ka bari, tsoho. Waɗanda suka fi ka ido sun bari."

Ranar Lahadi nake kiran gida. Taubashina Hamidu, ɗan gwaggona, shi ke fara ƙwace tarhon.

"Kai makiyayi! Ya garke? An kai su mashaya?"

"Hamidu bawana, ba Inna tarho."

"Ka aiko muna da bijimi guda don layya, mu yanka da allura."

Inna kuwa da gaske take tambaya. "Isuhu, wagga tsutsa taka, ana tatsarta?"

"A'a, Inna."

"Ana cinta?"

"A'a."

"To Allah shi ba da sa'a," in ji ta, da muryar da ake yi wa mai ciwon da ba a san maganinsa ba.

Sai in tambayi kowa. Matata, ƙananan yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ƙannena, liman, akuyar da ta karye a ƙafa. Mutum ɗaya ce ba na tambaya, kuma Inna ba ta taɓa ajiye tarho ba ta ce, "Mutuniyata ma tana lahiya." Ɗiyata ta fari ke nan. Ku da kuka tashi a Adar ba sai na yi muku bayani ba. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, in an yabe shi a gabansa sai ya dubi wani wuri. Ranar da aka haife ta kasuwa na tafi na yi ta tayin igiyar da ba na bukata. Inna ta yaye ta, ta riƙe ta. Da ta girma ta shigo lise ta faɗo ajina, in ina kiran suna da safe na iso kanta sai in yi tari, ita kuma ta ɗaga yatsa ta ce, "Furezant, Mushe," wato ga ni nan. Haka muka gama shekara, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Damina biyu ta wuce ni a gida ina can ina barbara. Idona ya yi ja, wuyana ya ƙage a kan mikroskop har in na yi sallama a salla sai na juya da kafaɗa. Wata safiya a ƙarshen sanyi na biyu na duba sakamakon gwajin wani faranti, na sake dubawa, na kira Lan ta duba. Na fari babu, na biyu babu, na uku babu, auta babu. Ga tsutsa kuma tana raye tana birgima.

Na ɗiga gishiri a gefen faranti. Tsutsa mai lafiya da ta saba cin abinci inda gishiri yake, kai tsaye take nufarsa. Wannan da 'ya'yanta sai suka yi ta yawo kamar baƙo a kasuwar Tawa ranar Lahadi, su zo bakin gishirin su wuce. Jijiyoyin ɗanɗanon suna nan, amma da aka kwashe masu cewa a yi shiru, sun rikice sun manta aikinsu.

Wani abu ya cika mini ƙirji, kuma na gane shi, don na taɓa jinsa sau ɗaya a rayuwa, ranar tayin igiya. Ni da na yi shekara ashirin ina karanta wa yara abin da wasu suka gano, yau ga abin da ba wanda ya taɓa gani sai ni. Tsutsar nan ɗiyar fari ce. Da zuciyata ta faɗi haka, bakina ya kulle kansa bai yi shawara da ni ba.

Dole a ɗauki hoton jijiyoyin, makulli kuma yana hannun Tiyeri. Na kai masa faranti. Ya duba, ranar bai tambayi lafiyar kaji ba.

Ranar taron labo Madam ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. "Isufu, akwai labari?"

Na dubi takalmina. "Ba wani abu, Madam. Wata 'yar lalatacciya ce ta fito, ko gishiri ba ta sani ba."

Wallahi da a gindin bishiyar bedin ƙofar gidanmu na faɗi haka, da tuni mata sun rangaɗa guɗa. Mushe Ƙari ya ce ba wani abu? Ai sai a nemo rago. Madam kuwa ta ce, "To, sai ka ƙara himma," ta juya. "Tiyeri?"

Tiyeri ya kashe fitila ya haska hotuna a bango. Jijiyoyin ɗiyata, kore shar, sun cika bangon. Madam ta miƙe tsaye, abin da ban taɓa gani a taro ba. "Duka huɗun? Me ake kiranta?"

Tiyeri ya dube ni. Zan faɗi gaskiya a kansa, ya dube ni. Ni kuma na yi tari.

"T-huɗu," in ji shi.

Na so in ce wa raina ai T ɗin na Tawa ne, amma ko ni da na yarda da dafaffen ƙwai ban yarda da wannan ba.

Suna in ya kama ya kama. Kafin wata ya ƙare kowa na cewa tsutsar Tiyeri. Aka daskarar da 'ya'yanta a babban firigo da wannan suna, aka aika wa wasu labo da shi. Madam ta sanar cewa Tiyeri zai kai labarin babban taron masu tsutsa na duniya, ta ƙara da cewa, "Isufu ma ya taimaka da hannu." Sannan ta ce in same ta mu yi maganar tez ɗina, tunda bursu ta kusa ƙarewa kuma har yanzu ba ni da abin kaina.

Lan ce kaɗai take cin abinci da ni, a kan matakalar baya, tana zuba mini rabin shinkafarta ba tare da ta rubuta suna a kai ba. Ranar ta ajiye cokali ta ce, "Yaya Isufu, don me ka yi shiru? Kai da ko tari ka yi sai ka ce ya tsinka wa jirgi fiffike."

Na ba ta labarin ɗan fari, da igiya, da kiran suna a aji. Na ɗauka za ta yi dariya. Sai ta gyaɗa kai.

"A ƙauyen kakata, jariri in ya yi kyau mummuna ake ce masa, kada iskoki su ji su ɗauke shi."

"To kin gane ke nan!"

"Na gane. Amma iskan nan wurin yana jin Faransanci, kuma yana da biro."

"Ke kin gani da idonki. Za ki faɗa?"

Ta dubi shinkafa. "Takarduna a hannun Madam suke, Yaya." Ban ga laifinta ba. Ta ƙara mini nama, ta tashi.

Na shiga ofishin Madam da shirin yaƙi, na fito da kunnuwa a rataye. Na ce mata ni na yi barbarar tun daga farko. Ta ce ta sani, amma Tiyeri ya ce shi ya tsara wa za a haɗa da wa, ni waya kawai na riƙe. Sannan ta cire tabarau.

"Isufu, kai ne mai albasar da ake mirginawa. Mutumin da ke mai da kaza raƙumi, in ya yi abu irin wannan, da direban bas ma ya ji. Na tambaye ka a gaban kowa, da bakinka ka ce ba wani abu ba ne. Wanne zan yarda da shi, na jiya ko na yau?"

Na buɗe baki in ce mata abin nan nawa ne, kalmar ta ƙi fitowa. Na ce mata na gode, na fita.

Lahadin nan da na kira, ba Hamidu ya ɗauka ba, ba Inna ba.

"Mushe, Inna ta tahi gaisuwa. Mi ya hwaru? Muryarka awa ta wanda aka kora daga aji."

Ita ce, mutuniyar Inna. Tun daga lise Mushe take ce mini. A lokacin tana karatun ungozoma a Tawa. Rabon da mu yi magana mai tsawon haka, ban tuna ba. Na ce mata wani abokina ne ya shiga matsala, na ba ta labarin duka.

"Abokin nan naka," in ji ta, "ɗan Adar ne? Mai hurhura a gemu?"

Na yi tari.

"To ka ji. Ni wanga tari na san shi. Tun ina aji, in ka yi shi na san ni aka kira, kuma na san duk ajin ba wadda aka kira da ƙarhi kamata. Amma ni ɗiyar Adar ce. Su waɗannan, tari a wurinsu mura ce."

"To mi abokin nan zai yi?"

"Shi buɗe baki mana. Tsutsa ce hwa, ba ta da kakar da za ta ce ya yi rashin kunya. Kuma ka gaya mai, in ya dawo ba dokta ba, Baba Hamidu ba zai bar shi ya sha iska ba har kabari."

Ana saura 'yan kwanaki babban taron, Tiyeri ya tsaya a gabanmu yana gwada jawabinsa. Ya sa sabuwar riga. Ya haska hoton nan kore, ya ce, "Lokacin da na haɗa T-huɗu..."

Ban san na miƙe ba sai da na ji kujera ta faɗi a bayana. Abin da ya fito daga bakina kuma da Hausa ya fito, da ƙarfin da ya sa tagogi rawa.

"Tawa ce!"

Madam ko juyowa ba ta yi ba. "Mun san daga Tawa kake, Isufu. Zauna."

A nan ne raina ya ɓaci da gaske. Na ce mata da Faransancin da na yi shekara ashirin ina koyarwa da shi, ba garin nake faɗa ba, tsutsar nake faɗa, tawa ce, ni ne ubanta. Na ce tunda an sa mini suna maroƙi, yau za a ji roƙo. Na ɗaga hannu sama kamar ana suna a ƙofar gidan mai gari, na fara jero asalinta.

Na ce ga ɗiyar mai rashin uku, wadda ta ƙi namiji har sai da na sake mata faranti. Jikar mai rashin na fari da na biyu, wadda na tsinto ita kaɗai daga cikin dubbai bayan idona ya ga taurari da rana. Na ce ga wadda kakanta na wajen uba ya fito daga tsutsar da aka gasa da ɗumi don ta haifi maza. Na faɗi wadda ta mutu ba ta bar baya ba, da wadda funfuna ta cinye wa gida na kwashe 'ya'yanta na rena. Na kira su gida-gida, ban tsallake kowa ba, ban kuma ƙara ko ƙwayar gishiri ɗaya ba. Wannan ne karo na farko da na yi magana mai tsawo haka ba ƙari, har na ji kamar na fito ba riga.

Sannan na juya wurin Tiyeri. "Dokta, kai da ka tsara aurarrakin nan. Kakarta ta wajen uwa, doguwa ce ko gajera?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Wace irin tambaya ce wannan? Doguwa, kamar kowace tsutsa."

Sai aka ji wata 'yar murya daga baya.

"Gajera ce, mai ƙiba." Lan ce, idonta a kan teburi. "Ita ce alamar da ya bi ya gane maƙwabtan nan biyu sun haɗu. Ni na ba shi aronta."

Ku da kuke jiran a tafa mini, ba ku san ƙasar ba. Madam ta dubi Tiyeri na ɗan lokaci, ta ce za su yi magana. Sauran fushin duk a kaina ta sauke shi. Wai na yi mata ƙarya a gaban ɗalibanta, wai na ɓata mata wata guda, wai a kimiyya ba a wasan ɓuya. Na ce mata ba ƙarya ba ce, kunya ce. Ta ce ba ta ga bambanci ba.

Aka yanke hukunci. Tsutsa ta shiga tez ɗina, sunana ya hau gaba a rubutun da aka buga. Amma Tiyeri ne ya je taron, don an riga an sa shi, kuma sunan ya zauna, don an riga an aika da ita ko'ina. Har gobe a firigon labo-labo na duniya ɗiyata tana kwance da harafin wani a goshi. Ba wanda ya ba ni haƙuri. Watannin da suka rage mutanen labon suka daina yi mini magana, amma da yake da ma ba su gaisuwa, sai da Lan ta gaya mini sannan na sani. Ita ma ta sha nata sanyin, aka mai da teburinta bakin ƙofa. Ranar da zan taso ta ba ni ƙullin shinkafa, ta rubuta sunana a kai da manyan baƙaƙe, ta ce kada a zubar.

Kar ta shigo tashar Tawa da la'asar. Tun daga taga na hango su. Hamidu ya zo da igiya da sanda, wai don a sauke garke. Inna tana zaune a kan buhun wani tana fifita da maficinta. Matata da yara suna tsalle. A can baya kuma, jikin wata mota, inda ɗan fari ke tsayawa, ga ta nan da farar rigar makarantarsu tana duban wani wuri.

Na sauko. Na gaida Inna, na zagi Hamidu, na ɗaga auta. Na ji tarin nan yana hawowa daga ƙirji, ya iso maƙogwaro. Na haɗiye shi. A tsakiyar tasha, gaban 'yan kamasho da masu tallar ruwa da rabin Adar, na buɗe baki.

"Zainabu!"

Mafici ya sauka a ƙeyata kafin in rufe baki. "Innalillahi! Isuhu, Turai ta cinye maka kunya?" Hamidu ya faɗi zaune don dariya.

Ita kuwa sai da ta waiga bayanta, ta duba ko wata ake kira. Ba kowa sai taya. Ta juyo ta dube ni, leɓenta yana rawa, ban san ko dariya ce ko ɗayan ba. A hankali ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Furezant, Mushe."